Ofishin da ya fara duba takarda kafin ya duba zane

Harkar fatar jar akuya ce ta haɗa ni da Italiya, kuma wani abokin cinikina na can ne ya nuna mini wani ƙaramin zane na alƙalami da tawada da aka sa a gwanjo ta intanet, ɗauke da sunan Guercino, gwanin da aka haifa a garin Cento a 1591, ya rasu a Bolonya a 1666. Surar wani dattijo ce mai gemu yana karatu, kuma ta kwanta mini a rai ƙwarai. Kafin in taya, na biya wani ofishin tantance tsofaffin zane-zane da ke Landan domin su duba mini shi.

Sun fara da kalmomin da gidan gwanjon ya rubuta. Ashe akwai matakai: idan an sa sunan gwani shi kaɗai, suna da yaƙinin hannunsa ne, "ana danganta shi da wane" zato ne mai ƙarfi, daga nan sai aikin almajiransa, sai na mabiyansa, sai kuma "a salon wane", wanda ke nufin kwaikwayo ne na bayan zamaninsa. Wanda nake so yana mataki na biyu, ni kuwa da na ɗauka tabbaci ne.

Inda suka fi burge ni shi ne wajen takarda. Sun sa aka ɗauki hotonta an haska fitila ta bayanta, sai ga siraran layukan wayar da ake tace takardar hannu da ita sun fito, tare da guntun tambarin masana'anta. Nan take na tuna littattafan kakanmu, waɗanda idan aka ɗaga su a rana ake ganin tambarin jinjirin wata uku, takardar Italiya da malaman Sakkwato suka yi ta rubutu a kanta, irin wadda ke cikin rubuce-rubucen da aka adana a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Da na nuna wa kawuna rahoton, sai ya ce, "Ɗana, ai mu ma haka muke gane tsohon littafi." Masanan sun bayyana cewa takarda mai santsi marar waɗannan layuka ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757, don haka da ita ce da magana ta ƙare. Wannan tsohuwa ce, amma sun gargaɗe ni cewa masu jabu kan yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai su yi zane a kai.

Tawada ce ta tona asiri. Wadda aka fi amfani da ita a lokacin ana haɗa ta da sinadarin ƙarfe, tana farawa baƙa, shekaru su mayar da ita ruwan ƙasa, har ta ci takarda a inda aka danna alƙalami. Ta wannan zanen launinta ɗaya ne ko'ina, kuma ba ta taɓa takardar ba. Hatimin da ke kusurwa ma, irin wanda masu tara zane-zane ke bugawa a kan abin da suka mallaka, bai yi daidai da samfurinsa da ke kundin irin waɗannan hatimai da masani Frits Lugt ya wallafa a 1921 ba. Sai suka jera zanen da zane-zanen Guercino na fadar Windsor a Ingila, inda alƙalami ke gudu ba fargaba, na ga da idona yadda hannun wannan ke tsayawa yana komawa kamar na ɗalibi mai kwafar allo. Hukuncinsu shi ne kwaikwayo ne, mai yiwuwa na ƙarni na 18, lokacin da jabun aikin Guercino ya yawaita.

Ina da ƙorafi biyu. Rahoton ya iso saura kwana biyu a yi gwanjon, alhali sun yi alkawarin mako guda, kuma Turancinsa mai nauyi ne, sai da na kira su sau biyu kafin in fahimci wasu sassa. Sun dai faɗa a fili cewa da hotuna kawai suka yi aiki, ba su riƙe takardar a hannu ba, kuma sun tunatar da ni la'adar gidan gwanjo da ake ɗorawa a kan farashi. Ban taya zanen ba, kuma idan wani ya sake ɗaukar hankalina, su zan aika wa, amma da sauran wata guda a gaba.