Hattara da masu tallar "man goge tabon ƙuna" a WhatsApp da TikTok

Jama'a, don Allah a isar da wannan ga duk gidan da ke jinyar ƙuna, musamman iyaye mata da ruwan zafi ko garwashin jin ɗumi ya taɓa musu yaro. Akwai 'yan damfara da ke tallar wani man shafawa a WhatsApp da TikTok da Facebook, wai yana goge tabon ƙuna cikin mako guda, har ya tsirar da sabuwar fata. Su ce maka binciken Amurka ne, su haɗa da bidiyon likitoci da hotunan "kafin" da "bayan". Ku ƙura wa hotunan ido: na farko a duhu aka ɗauka, na biyu a tsakar rana, wani lokacin ma hannun ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai a ce ka tura kuɗi tukuna, za a ba direba a tasha. Wasu daga nan shiru, an toshe lambarsu. Waɗanda aka toshe ɗin ma su ne suka ci riba, kuɗi kawai suka rasa. Wanda kayan ya iso masa zai ga 'yar roba ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, ba bayanin abin da aka zuba. Irin wannan haɗin yawanci man bilicin ne da sinadarai masu ƙarfi irin su clobetasol ko hydroquinone. Kwanakin farko wurin ya yi haske, ƙaiƙayi ya lafa, uwa ta yi hamdala ta sake aikawa da kuɗi. Can gaba fatar ta sirance, ta fara tsagewa. In kuwa a ɗanyen ciwo aka shafa, ya kama ruwa.

Abin da ke sa mutane yarda shi ne akwai ƙamshin gaskiya a labaran da suke jingina da su. Likita Fiona Wood ta birnin Perth a Ostireliya ta ƙirƙiro dabarar fesa ƙwayoyin fata, aka yi amfani da ita a kan waɗanda harin bam na tsibirin Bali a Indonesiya ya ƙona a 2002, kuma Amurka ta amince da na'urar yin wannan aikin, mai suna RECELL, a 2018. Amma daga jikin majinyacin ake yanko 'yar fata, a sarrafa ta nan take a ɗakin tiyata, a fesa a kan ciwon. A Fortaleza ta ƙasar Brazil ana lulluɓe ƙuna da fatar kifin karfasa, bayan an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke jikinta. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna cewa allurar verteporfin, wani maganin ido, ta hana tabo fita. A jikin ɓeraye ne fa, kuma a sabon rauni. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ake ɗurawa a roba a aiko maka a mota.

Tabo tun ranar ƙunar ake fara yaƙarsa. A sa wurin a ruwa mai gudana na minti 20, ba ƙanƙara ba. Makilin da ɗanyen ƙwai da manja duk kada a shafa su. Ƙunar da ta wuce mako uku ba ta warke ba ita ce ta fi barin tabo mai tudu, shi ya sa likita kan ba da shawarar dashen fata da wuri, ko da dangi na jin tsoro. Bayan ta warke kuma akwai mannin silikon, da rigar matsi da ake sawa kusan yini da kwana na watanni, da motsa gaɓa don kada fata ta ɗaure. Aiki ne mai cin rai, tabon yana kwantawa ne, ba ya ɓacewa gaba ɗaya.

Wanda ya riga ya saya ya ɗauki robar ya nuna wa likitan fata ko na sashen ƙuna a asibitin koyarwa mafi kusa. A adana shaidar tura kuɗi da lambar asusun, a kai ƙara banki da ofishin NAFDAC na jiha.