Ogzilari ta ƙi fita: me za ka saya, me za ka bari a shago?

Idan motarka ta maƙale a ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, sitiyari zai yi nauyi a kwana, tayoyin gaba su riƙa ƙugi, motar kuma ta riƙa shan mai. Kada ka yi saurin nufar kasuwannin kayan mota na Gudu ko Apo a Abuja neman kaya, domin sau da yawa babu abin da ya lalace.

In an sa ogzilari, Hilux da ire-irenta suna ɗaure farfelar gaba da ta baya su juya tare, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A kan yashi ko laka taya na zamewa ta sauke bambancin. A kwalta ba ta zamewa, sai haƙoran ƙaramin giyabos, wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, su cije. Ka sauka kan turɓaya, ka mayar da motar H2, wato jan tayoyin baya kawai, ka miƙe sitiyari, ka yi ribas kamar mita 10, sannan ka yi gaba a hankali. Daga L4 kuwa, wato ogzilari mai ƙarfi ta tafiya a hankali, sai mota ta tsaya cik, an taka kulochi, ko an sa N in otomatik ce. Duba tayoyi ma: ɗaya sabuwa uku sun side, ko iska ba daidai ba, ya isa ya hana ta saki. In iska ce, daidaita ta kawai; in tayoyin ne suka bambanta, huɗu iri ɗaya za ka saya.

In fitilar ogzilari na ta ƙyaftawa, mai wayarin ya fara da fiyus da rile da soket, sannan ɗan makunnin da ke shaida wa kwamfutar mota cewa giya ta fita. Mitsubishi L200 da yawa da zuƙar iska suke sakin aksul na gaba, don haka tsagaggen tiyo ko mataccen solanoyid ne ake fara zargi.

Babban kashe kuɗi yana wajen akcuweta, ɗan injin lantarkin da ke tura giya. Hilux ta 2005 zuwa 2015 liba gare ta, akcuwetarta na jikin aksul na gaba. Daga ta 2015 mai makunnin murzawa, akwai wata kuma a jikin ƙaramin giyabos. Ruwa ne ajalinta: tiyon numfashinta ya tsage, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci tagullar da ke ciki.

In ƙafafun haƙorin ciki ba su karye ba, a buɗe a goge tsatsar, a sa giris, a sauya tiyo. Wannan ya fi komai sauƙi, amma sai bakaniken da zai yi alama kafin ya kwance, don in saitin ya goce, giyar za ta tsaya a tsakiya. 'Yar Beljiyam ƙirar kamfani ce, sai dai ba ka san ruwan da ta sha ba. Kada ka biya sai an jona ta da batir ka ga ta je ta dawo, lambarta ta dace da taka, kuma an ba ka kwanakin gwaji a rubuce. Sabuwa mai arha marar suna ita ce muka fi gudu, musamman a ƙaramin giyabos, inda a wasu Toyota sai an sauke an raba shi biyu kafin a sauya ta. Aikin da ladansa ya yi tsada haka, a sa masa orijinal kawai. Ga motar da ke shiga gona ko wurin gini kullum ma haka muke ba da shawara.

Tsofaffin motoci irin Nissan D22 masu hob (makullin tsakiyar tayar gaba) da ke kulle kansa sai an yi musu ribas suke saki. In sun gaji, hob na murzawa da hannu, irin na Aisin, ya fi ƙarko, illarsa kawai sai ka sauko ka murza. A sabuwar Hilux wannan sauyi na jawo canza wasu sassan gaba, bai cika biyan wahalarsa ba.

Sayen ƙaramin giyabos sukutum sai an zubar da mansa an ga ɓarɓashin ƙarfe, ko an tabbatar sarƙa ta saki. A Hilux mansa kusan lita 1 ne, a zuba irin wanda littafin motar ya ce. Bayan gyara, ka riƙa shigar da ogzilari sau ɗaya a wata a hanyar ƙasa, ko da ba ka buƙace ta ba, don kada akcuwetar ta sake daskarewa.