Kafin ka biya kuɗin shafin intanet, duba jerin da ke samansa

Daga 'yan Kantin Kwari har masu makarantun kuɗi, yanzu a Kano kowa so yake a gina masa shafin intanet. Magini zai nuna maka launi da hotuna, a kansu za a yi ciniki. Ba a cika tambayar ɗan jerin nan na sama ba: Kayayyaki, Farashi, Adireshi, Tuntuɓe mu. Alhali da shi makaho yake fara cin karo, domin manhajar da ke karanta masa allo, TalkBack a wayar Android ko NVDA a kwamfuta, ba ruwanta da ado. Rubutun HTML da ke ƙarƙashi, wato alamomin da ake gina shafin da su, take bi.

Iri uku za ka tarar. Na farko an harhaɗa shi da div da span kawai, alamomin HTML da ba sa bayyana mene ne abin da ke cikinsu. A ido lafiya lau, amma manhajar ba za ta ce jeri ne ba, kuma madannin Tab tsallake shi yake yi. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa.

Na biyu ya fi yaudarar mutane, har da magina masu kyakkyawar niyya: wanda aka liƙa wa role="menu". W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tanadi wannan matsayi ne don jerin umarni irin na cikin manhaja, kamar File da Edit na Word. Da zarar NVDA ta gan shi, sai ta sa ran madannan kibiya za su yi aiki, kuma sai magini ya rubuta JavaScript, wato umarnin da ke sa shafi ya yi aiki, kafin hakan ta yiwu. In bai rubuta ba, an yi wa makaho alkawarin ƙofa, ya lalubo bango.

Ni na uku nake ba da shawara a saya, kuma shi ne mafi sauƙin ginawa: nav (alamar sashen kewaya shafi) a waje, ul da li (alamomin jeri) a ciki, kowane mahaɗi da alamarsa ta a. Manhajar za ta sanar cewa ga jeri mai abu huɗu, mutum ya san tsawon tafiyarsa, in ya ga dama ya tsallake. A sa aria-current="page" a kan mahaɗin shafin da ake ciki. In jerin biyu ne, sama da ƙasa, kowanne a ba shi suna da aria-label. 'Yan layuka ukun nan da ake taɓawa a waya kuwa su zama button na gaske mai aria-expanded, don a ji ko a buɗe yake ko a rufe.

Akwai wani ɗan tarko ga masu iPhone. In an cire ɗigon jeri da list-style: none, Safari, manhajar buɗe shafuka ta iPhone, yakan daina gaya wa VoiceOver, mai karanta allon iPhone, cewa jeri ne, sai fa in yana cikin nav. Wanda ke waje, role="list" ke gyara shi.

In samfurin WordPress, manhajar gina shafuka, za ka ɗauka, nemi mai alamar accessibility-ready. Sannan kafin ka cika kuɗi, ka ce wa magini, "Malam, ajiye linzamin, mu bi da Tab." Ka ga ko ana gane inda aka tsaya. Kunna TalkBack a wayarka ka saurara. A takardar yarjejeniya kuma a rubuta cewa aikin zai bi ƙa'idojin sauƙaƙa shafi ga masu nakasa, WCAG 2.2 na shekarar 2023, matakin AA, kuma gyaran abin da ya saɓa yana wuyan magini.