Dokar Tarayya ko Hanin Dagaci a Dajin Baturiya

Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare namun dajin da ke bakin ƙarewa, aka kuma ƙara tsaurin tararta a 2016. A takarda tana da ƙarfi. Amma a dausayin Baturiya da ke Kirikasamma a Jihar Jigawa, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu, maharba da masu gawayi sun san malaman daji ba za su iya zagaye fadamar nan kullum ba.

Hanin da dagaci ke yi kan sare itace kuwa ba shi da kotu, kunya ce makaminsa. Wanda ya sare kirya da safe, kafin la'asar gari ya ji. Ni dai na fi yarda da wannan hanin idan ɗan gari ne mai laifin. Matsalar ita ce baƙo: motar gawayi daga wani gari ba ta jin nauyin kowa, dagaci kuma ba shi da ikon tsare ta.