Hoton CT na hanta: aikin ya yi kyau, bayanin ne ya gaza

Ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, don haka duk wata shida nake yin sikanin ciki da gwajin jini na AFP, wato sinadarin da kan ƙaru a jini in akwai kansar hanta. A wannan karon mai sikanin ya hango wani ɗan tabo fari a ɓangaren dama na hanta, bai kai santimita 2 ba. Ya ce ya yi kama da hemanjiyoma, wato curin ƙananan jijiyoyin jini, wanda shi ne ƙari marar illa da aka fi samu a hanta. Likitana bai yarda a tsaya a nan ba. Mai lafiyayyar hanta ana iya ƙyale shi, amma a irinmu cutar kansa ma takan fito fara a sikanin. Sai ya rubuta min CT, wato hoton X-ray mai nuna cikin jiki yanki-yanki, mai zagaye uku, na nufi wata cibiyar hoto mai zaman kanta a Kano.

Ƙorafina yana kan masu karɓar baƙi. Da na kira waya sun ce in zo ban ci komai ba, amma ba wanda ya ambaci gwajin ƙoda. Sai da na biya kuɗi na zauna a layi, yunwa na cina, sannan wata ma'aikaciya ta ce, "Malam, ina takardar kiriyatinin?" Wato takardar gwajin ƙodar. Tambayar tana kan hanya, domin ƙoda ce ke fitar da ruwan da ake ɗura wa mutum a jijiya don hoton ya fito sosai. Amma me ya hana a faɗa tun a waya?

Cikin ɗakin kuwa ban ga abin kushewa ba, in ban da sanyi. Mai na'urar ya tambaye ni ko ina da asma, ko wani magani ya taɓa tayar min da borin jini. Ya kuma gargaɗe ni cewa in ruwan ya shiga zan ji ɗumi ya ratsa jikina, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har in zaci fitsari ya kuɓuce min. Wallahi haka aka yi, kuma ba don ya faɗa ba da na zabura na ɓata hoton. Daga nan sai "ja numfashi, riƙe, saki."

Zagaye ukun nan su ne duk abin da mutum yake biya wa kuɗi. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin hanta daga babbar jijiyar hanji yake zuwa, ita kuwa kansar hanta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya ce ke ciyar da ita. Shi ya sa ake ɗaukar hoto wajen daƙiƙa 35 bayan allura, a sake wajen daƙiƙa 70, a kuma sake bayan minti 3 zuwa 5. Kansa takan haska fat a zagayen farko, sannan ta dusashe ta fi sauran hantar duhu. Hemanjiyoma kuwa daga gefe take fara shan ruwan, ɗigo-ɗigo, yana shiga tsakiya a hankali kamar yadda shayi ke jiƙa burodi, kuma ba ta saurin sakinsa. Idan aka kuskure lokacin, ko aka yi hoton ba ruwa don rage kuɗi, an yi aikin banza.

Sakamakon ya ɗauki lokaci fiye da yadda suka yi alkawari, kuma wanda ke jiran a ce masa kansa ce ko a'a ba ya barcin kirki. Amma da ya fito, rahoto ne na wanda ya zauna ya duba: girman tabon, wurinsa, halinsa a kowane zagaye, sannan LR-1. Wannan ma'aunin LI-RADS ne na likitocin hoto na Amurka, daga 1 mai nufin lallai ba kansa ba ce, zuwa 5 mai nufin lallai ita ce. Ba wanda ya fassara min ko kalma ɗaya, ambulan da faifai kawai aka miƙo min. Sai likitana ne ya buɗe faifan ya nuna min, ya ce alhamdu lillahi, ba buƙatar a tsira allura a ciro tsoka.

Zan iya komawa wurin, zan kuma tura wani. Sai dai ya tafi da gwajin ƙodarsa da tsofaffin hotunansa, ya tabbatar takardar likita ta ce zagaye uku, ya kuma tambaya ko ƙwararren likitan hoto ne zai sa hannu a rahoton kafin ya zaro kuɗi.