ACE ko ARUA: Wace Ƙofa Malama Za Ta Fara Ƙwanƙwasawa?

Malama, ga yadda na fahimci tambayarki. Kina koyarwa a tsangayar aikin gona, kin gama digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma, shugaban sashenku kuma ya ce ki nemi wata haɗakar bincike ki jingina da ita. Sunaye biyu kike ta ji a bakin mutane, cibiyoyin ACE, wato cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, da cibiyoyin ARUA, ƙungiyar jami'o'in bincike na Afirka, kina son sanin bambancinsu da wadda za ta fi yi miki amfani. A matakin da kike yanzu, ni ACE zan nuna miki. In kin karɓi digirinki na uku, lissafin zai sauya.

Tun daga haihuwa hanyarsu ta rabu. ACE daga cibiya ta faro. A 2013 Bankin Duniya da gwamnatocin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka buɗe gasa, jami'o'i suka rubuta abin da suke ganin sun fi iyawa, masana suka tantance. Zangon farko ya ƙare da cibiyoyi 22, goma daga ciki a Najeriya, kowace tana iya samun har dala miliyan 8. A 2016 aka yi wa Gabashi da Kudancin Afirka nasu, cibiyoyi 24. A 2019 aka shiga zango na uku mai suna ACE Impact, hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta sa hannu a kuɗin, na Najeriya suka kai 17. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Accra ce ta kula da shirin a yankinmu, a gida kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC. Wasu cibiyoyin suna ƙofar gidanki: Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, CDA, da ta lafiyar al'umma, ACEPHAP, duk a Jami'ar Bayero, biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya kan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ɗaya kan koyar da injiniyanci, akwai kuma ta harkar kiwo a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

ARUA kuwa daga sama ta sauko. Shugabannin jami'o'i 16 ne suka ƙaddamar da ita a Dakar a watan Maris na 2015, da niyyar manyan jami'o'in bincike na nahiyar su haɗa ƙarfi. Shida daga cikinsu na Afirka ta Kudu ne, uku na Najeriya: Legas, Ibadan da Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Babu jami'ar Arewa ko ɗaya cikin waɗanda suka kafa ta, babu ta Nijar. Ofishinta yana Accra, Farfesa Ernest Aryeetey, tsohon shugaban Jami'ar Gana, shi ne babban sakatarenta na farko. Daga baya ta kafa cibiyoyi 13, kowace da jami'a ɗaya a matsayin uwa da wasu a matsayin rassa. Legas ta riƙe biyu, ta rashin aikin yi da koyon sana'a da ta bunƙasar birane. Nairobi ta ɗauki cututtukan da ba a ɗauka, Rhodes ruwa, Stellenbosch makamashi. Wadda ta shafe ki, ta abinci, tana Pretoria, tare da Gana da Nairobi.

To sai batun kuɗi, inda ainihin bambancin yake, kuma inda nake so ki fi nutsuwa. Kuɗin ACE ba kyauta ba ne a wurinmu, rance ne mai sauƙin sharaɗi da gwamnati ta ciwo, kuma a lokacin da shirin ke gudana, har zuwa 2025, ba a zube wa cibiya shi gaba ɗaya. Sai ta nuna aiki a biya ta. An yanka wa kowane sakamako farashinsa: ɗalibin digiri na biyu da aka ɗauka, na digiri na uku, maƙalar da ta fito a mujallar da aka amince da ita, kwas ɗin da wata hukumar waje ta tantance, ɗalibin da ya je koyon aiki a kamfani, kuɗin da cibiyar ta samo da kanta. Sannan masu bin diddigi su zo su tabbatar, har sukan tuntuɓi ɗaliban da kansu don a san ba sunaye kawai aka jera a takarda ba. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne, farashin ba ɗaya ba ne. Ɗalibin da ya fito daga wata ƙasar yankin ya fi ɗan gida daraja a wannan lissafi, mace kuma ta fi namiji. Ke nan a wancan lokacin mace 'yar Najeriya da ta nemi gurbi a Gana ko Togo, ba alfarma take roƙo ba, cibiyar ma tana bukatarta. Wannan ne ya sa za ki shiga aji a CDA ki tarar da 'yan Nijar da Mali da Kamaru suna fama da Turanci a watanninsu na farko.

Tsarin yana da illarsa, ba zan ɓoye miki ba. Duk inda aka ce a ƙirga a biya, ido zai koma kan abin da ke ƙirguwa. Maƙala uku gajeru sun fi ɗaya mai zurfi kawo kuɗi, gwajin gona da ke bukatar damina biyar kuma bai dace da rahoton wata shida ba. Haka nan a zangon farko cibiyoyin sun fi zama kishiyoyi fiye da ƙawaye, domin ɗaliban yankin guda suke zawarci. Sai a zamanin ACE Impact aka ɗauki haɗaka da gaske, aka ɗaure cibiyoyi masu fanni ɗaya wuri guda: WANIDA ta cututtuka masu yaɗuwa, wadda ta haɗa irin su WACCBIP ta Gana da ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, sai DSTN ta kimiyyar kwamfuta, da wasu kan ruwa da haƙar ma'adinai. Wato an gina ɗakunan tukuna, daga baya aka fasa ƙofofi a tsakaninsu.

Amma ɗakunan sun ginu. ACEGID, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta taka rawa wajen tabbatar da Ebola a Najeriya a 2014, kuma a watan Maris na 2020 a can aka fara karanta tsarin ƙwayar korona a nahiyar Afirka. Irin wannan aiki na'ura yake so, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikatan da aka horar, kuma kuɗin ACE ya iya sayen waɗannan.

A ARUA haɗakar tana nan tun ranar farko, kuɗin ne ba shi da tabbas. Jami'o'i na biyan kuɗin zama mamba, saura kuma sai an nema daga gidauniyoyi da gwamnatocin waje. Babban tallafin da ya ɗaga cibiyoyinta daga Birtaniya ya zo, ta hannun hukumar bincikenta, UKRI. Da gwamnatin Birtaniya ta rage kasafin agajinta a 2021, daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5, asusun da ake ciro irin wannan tallafi ya girgiza, ayyukan haɗin gwiwa da dama a Afirka suka ji a jikinsu. A 2023 ARUA ta ƙulla sabon ƙawance da The Guild, ƙungiyar jami'o'in bincike na Turai, aka kafa rukunonin bincike da malami daga Afirka da malami daga Turai ke jagoranta tare. Mai hankali zai yaba wannan, sai dai ki lura da wanda aka yi abin dominsa: mai digiri na uku, mai maƙalu a hannu, wanda ke neman abokan rubuta babbar buƙatar tallafi. Misali shirin FSNet-Africa da Pretoria ta gudanar tare da Jami'ar Leeds, matasan masu bincike da suka riga suka gama digirinsu ya ɗauka, ya haɗa su da manyan malamai. Ba a hana ɗan jami'ar da ba mamba ba shiga wasu ayyukan, amma yawanci sai wani babba a ciki ya san aikinki ya jawo ki. A ACE kuwa sanarwar ɗaukar ɗalibai ake fitarwa, kowa ya cike.

Na san wani zai ce ina cibiyoyin TETFund, asusun gwamnatin Najeriya na tallafa wa manyan makarantu, waɗanda aka ba jami'o'in tarayya 12 a 2020, biyu a kowace shiyya. Suna nan, amma na cikin gida ne, da naira, ba a gina su don ketare iyaka ba. Maganarsu daban ce.

Akwai abin da ba za ki gani a takardun talla na ko wane ɓangare ba, wato wahalar haɗakar kanta. Ɗauki samfurin ƙasar gona da kika haƙo daga filin gwaji, kina son a auna miki shi a ɗakin gwaje-gwajen wata ƙasa. Sai kin shanya shi a inuwa, kin daka, kin tankaɗe, kin ƙulle a leda da lamba. Sannan takardar izinin hukumar killace kayan gona ta nan, da izinin shigarwa na can, da yarjejeniyar da jami'o'in biyu za su sa wa hannu kan wanda ya mallaki samfurin da sakamakonsa. Kowace takarda tana iya kwana makonni a teburin wani. In abokan aikin na ƙasar Faransanci ne, ga tafinta ya ƙaru. Haɗakar da ke da rai ita ce wadda ta taɓa yin wannan zirga-zirga har ta san ofishin da ake bi. Wadda ba ta da shi, taron shekara-shekara kawai take yi a otal a ɗauki hoto.

Shi ya sa tsarin WACCI, cibiyar ACE ta Jami'ar Gana, wadda Farfesa Eric Danquah ya kafa a 2007, yake burge ni. Ɗalibi ya yi karatun aji a harabar jami'ar da ke Legon, sannan ya koma ƙasarsa ya yi gwajin a kan amfanin gonar da mutanensa ke ci. Ga mai iyali da aikin koyarwa irinki, wannan ya fi sauƙin ɗauka fiye da shekara huɗu cur a waje. Fanninsu inganta iri ne, ba ƙasar noma ba, amma ki tambayi duk inda za ki nema ko suna da makamancin haka. CDA kuma tana da maƙwabta masu amfani, domin IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken aikin gona na ƙasa da ƙasa, duk suna da tashoshi a Kano.

Gargaɗi ɗaya: wa'adin kuɗin ACE Impact ya cika a 2025. Cibiyoyin suna nan, amma ƙarfin aljihunsu ya bambanta, wadda ta koyi samo tallafi da kanta tana ci gaba, wadda ta dogara da Bankin Duniya kaɗai tana jan ƙafa. Saboda haka kada ki tsaya ga labarin wanda ya gama a 2022. Rubuta wa cibiyar kai tsaye, ki tambayi ko tallafin bana ya haɗa da kuɗin bincike ko kuɗin makaranta kawai, wane malami ne zai duba aikinki da ɗalibai nawa ke hannunsa, da kuma ko akwai ɗalibinsu da ya yi wata uku a wata cibiyar ƙawance cikin shekara biyun nan. Ki nemi lambar ɗaya daga cikin ɗaliban da ke ciki yanzu ki ji daga bakinsa. Sunayen malaman cibiyar abinci ta Pretoria kuma ki fara karanta maƙalunsu tun yanzu, ki riƙa ambaton aikinsu inda ya dace da naki, domin su za ki nema ranar da kika kare kundinki.