Albam ɗin War na U2, da abin da masu wa'azinmu za su iya tsinta a ciki

Albam ne na rok, waƙoƙi 10, minti arba'in da 'yan kai, ya fito ranar 28 ga Fabrairu 1983 kuma har yau idan ka sa shi a kunne sautin bai tsufa ba. U2 samari huɗu ne 'yan Dublin a ƙasar Ailan, lokacin duk ba wanda ya kai shekara 23 a cikinsu, amma albam ɗin nan sai da ya ture Thriller na Michael Jackson daga lamba ɗaya a Birtaniya. Steve Lillywhite ne ya haɗa musu sautin a sitidiyon Windmill Lane.

Na san akwai 'yan'uwa da da zarar sun ji an ce rok sai su ce kiɗan shaiɗan ne a rufe zancen. To ku ɗan dakata. Uku daga cikin yaran nan, mawaƙinsu Bono da mai gita Edge da mai ganga Larry Mullen, 'yan wata ƙungiyar addu'a ce mai suna Shalom a Dublin, har ta kai sun kusa watsar da kiɗan gaba ɗaya don suna ganin kamar bin Yesu da hawa dandali ba sa tafiya tare. Shi Bono babansa Katolika ne mamansa Furotesta, a ƙasar da a lokacin wannan bambancin yake sa a kashe mutum a arewacinta. Saboda haka ba baƙi ba ne a harkar coci, kuma ana jin hakan a albam ɗin.

Waƙar farko, Sunday Bloody Sunday, ita kaɗai ta biya kuɗin albam ɗin. Ganga ce take buɗewa irin ta fareti, busasshiya ba wani ado, sai gita ta shigo, sai wata goge ta turawa tana kuka ta bayansu kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe. Maganar waƙar ita ce ranar Lahadi 30 ga Janairu 1972 a garin Derry na Ailan ta Arewa, inda sojojin Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar neman haƙƙi waɗanda ba makami a hannunsu, mutum 13 suka mutu nan take wani ya cika daga baya. Sai a 2010, bayan shekara 38, rahoton binciken Saville ya wanke mamatan, Firayim Minista David Cameron ya tsaya a majalisa ya nemi gafara.

Abin da nake so fastocinmu su lura da shi a nan shi ne yaran sun kira abin da sunansa. Ba su ce "abubuwan da ke faruwa a ƙasa" ba, ba su ce "muna cikin mawuyacin hali" ba irin yadda ake mana ranar Lahadi bayan an binne mutane ranar Alhamis, kowa a majami'a ya san gidan da aka shiga da mutanen da aka kashe amma daga kan bagadi sai ka ji ana ta kewaye-kewaye kamar a wata duniya abin ya faru, a wuce kai tsaye zuwa sanarwar baiko da taron zumuntar mata. Annabi Natan bai yi wa Dauda haka ba, misali ɗaya ya ba shi sannan ya nuna shi da yatsa. Amos ma sunayen garuruwa ya jera, Dimashƙu, Gaza, Taya, har ya iso kan mutanensa.

Amma inda abin ya fi wuya, kuma inda na fi sara musu, sun faɗi sunan zaluncin ba tare da sun miƙa wa kowa wuƙa ba. A lokacin 'yan IRA, ƙungiyar 'yan bindigar da ke yaƙar mulkin Birtaniya a Ailan ta Arewa, za su so a ce waƙarsu ce, shi ya sa Bono yake faɗa a dandali kafin su fara cewa wannan ba waƙar tawaye ba ce, yana ɗaga farar tuta, akwai hoton bidiyon wasansu na Red Rocks a Amurka na watan Yuni 1983 duk wanda ya so ya duba. Sannan ranar 8 ga Nuwamba 1987 da IRA ta tayar da bam a garin Enniskillen na Ailan ta Arewa ta kashe mutum 11 wajen taron tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, a daren ranar suna wasa a Denver ta Amurka, Bono ya tsaya tsakiyar wannan waƙar dai ya caccaki 'yan asalin Ailan mazauna Amurka, masu zama can nesa suna kirarin juyin juya hali alhali ba 'ya'yansu ake binnewa ba. Waƙa ɗaya, ta yi kukan waɗanda soja ya kashe ta kuma yi kukan waɗanda 'yan bindigar ɗaya ɓangaren suka kashe. Mu da muka ga Kaduna a 2000 da Jos a 2001 mun san mai wa'azin da zai iya haka ba su da yawa, a coci ko a masallaci, yawanci kowa gawarsa yake ƙirgawa. Kuma ƙarshen waƙar ba ramuwa ta nufa ba, juyawa ta yi zuwa wata Lahadin daban, ta tashin Yesu daga matattu.

New Year's Day ita ce ta fi daɗin ji, fiyano da bes, wato gita mai kaurin murya, suna tafiya tare, an ɗauko ta ne daga gwagwarmayar ƙungiyar ma'aikata ta Solidarity a Poland. Seconds kuma tsoron makaman nukiliya ne na zamanin yaƙin cacar baka, Edge ne ma ya fara rerawa. Suna da kyau, na wuce.

Ta ƙarshe sunanta 40, don daga Zabura 40 aka ciro ta kusan kalma da kalma, an yi ta a gurguje a ƙarshen lokacinsu na sitidiyo har mai bes ɗinsu Adam Clayton ya riga ya tafi, Edge ne ya kaɗa a madadinsa. Minti biyu da rabi ce kawai. Abin da ya kama ni shi ne amshin ba godiya ba ce, tambaya ce, irin "har yaushe" ɗin nan da ya cika Zabura, kuma ba su amsa ta ba. Shekaru da dama da ita suke rufe wasa, su riƙa sauka daga dandali ɗaya bayan ɗaya, mai ganga ne na ƙarshe, jama'a su ci gaba da rera tambayar su kaɗai har waje. Mu kuwa wa'azi ba ya ƙarewa sai an ɗaure komai tsaf an ce "wannan shekarar taka ce" an yi tafi, matar da aka kashe wa miji tana zaune a benci na uku ba a bar mata ko minti ɗaya ta tambayi Allah dalili ba, alhali littafin Makoki sukutum yana nan cikin Littafi Mai Tsarki, yaushe rabon da ka ji an buɗe shi?

Ba wai albam ɗin ba shi da aibi ba fa. The Refugee hayaniya ce kawai, Red Light da kakakinta da 'yan matan amshi ba ta san inda ta dosa ba, kuma akwai wuraren da Bono yake ihu fiye da abin da maganar take buƙata, wannan ciwon dai masu wa'azi ba sai an koya musu ba. Turancinsa ma yana haɗiyewa wani wurin, gara ka buɗe rubutattun baitocin a gefe.

Na ba shi 4 cikin 5. Yana Spotify da YouTube, ka nemi wanda aka sake gyara sautinsa a 2008, kuma don Allah kar ka ji shi da sipikar waya, bes ɗin New Year's Day ɓacewa yake gaba ɗaya, sa abin kunne.